Taku Saba'in na Kawu Tsaye

A danginmu ba wanda zai ce ya taɓa ganin ƙanin mahaifiyata ya cinye kwanon abinci a wuri ɗaya. Zai karɓi kwanon, ya kai loma biyu, ya tuna bai rufe gwangwanin gam ba a shago, ya fita da kwanon a hannu, ya dawo babu kwanon. Tun yana yaro aka laƙaba masa Tsaye. Mu da muka taso muka tarar da sunan, sai muka ƙara masa Kawu a gaba.

Kafinta ne. Shagonsa a jikin gidansa yake, doguwar rumfar kwano ce mai buɗe ta gefen titi, kullum ƙasanta cike da garin katako. Ƙofofi da tagogi da gadaje yake yi, kuma ba a kushe aikinsa. Sai dai mai aiki ya yi haƙuri, domin Kawu zai fara ƙofarka, ya koma kan kujerar wani, ya leƙa titi ya ga wa ke wucewa, ya gyara wa maƙwabci marfin tukunya, sannan ya tuna da kai. Abin da zan faɗa a kansa, wani na gani da idona, don a gidansa na zauna shekarar da na gama sakandare. Wani matarsa ce ta ba ni, wadda muke kira Inna. Wani kuma shi da kansa ya ba ni a guntu-guntu, rabi a tsakar gida, rabi daga bakin ƙofa.

Abu ɗaya na sani da ke natsar da shi, bindigarsa. Bindigar toka ce mai ɗuri ta baki, gadon Kakanmu, doguwa, in ya dogara ta a ƙasa tana kai masa kafaɗa. Harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri. A auna albarushi a ɗan ƙahon da Kaka ya yanke daidai awo, a zuba, a naɗe dunƙulen dalma a tsumma mai maiƙo, a tura da sanda har ya zauna, sannan a ɗora 'yar hular tagulla inda kunama, ɗan ƙarfen da ake ja baya, za ta sara. Kafin ka gama wannan hidima, dabbar da ka kuskure ta manta da kai ma. Shi ya sa mai irin wannan bindiga ba ya harbi da wataƙila.

Kaka ya koya masa cewa dalma ba ta tafiya a miƙe kamar zare. Tana fita ta ɗan hau, ta gaji, ta fara sauka. Don haka nisa uku ya ba shi. A taku hamsin, inda ka ɗora saiti nan za ta faɗa. A talatin ka sauke yatsa biyu ƙasa da inda kake so. A saba'in ka ɗaga taƙi guda sama. Abin da ya wuce saba'in, ka yi masa fatan alheri ya wuce. Kuma da ƙafa ake awo, ba da wani abu ba. Kaka ya ce a daji ba ka da tef, ƙafa da ido kawai ka zo da su. Ka yi ta takawa a fili har idonka ya haddace, ranar da dabba ta tsaya a gabanka ido ne zai gaya maka hamsin ce ko saba'in. Shekara talatin Kawu yana haka. Idonsa ya ƙware har a titi yakan tsayar da mutum ya ce, daga nan zuwa wancan turken lantarki arba'in da biyar ne, ya taka a gaban mutumin, ya iso da arba'in da biyar, ya wuce bai jira yabo ba.

Tare da bindigar, Kaka ya bar sharaɗi ɗaya. Duk wanda ya raunata dabba uku a jere, ya bar su a daji suna jan jiki bai kawo ko ɗaya gida ba, to ya gama. Bindiga ta koma hannun babban gida a rataye ta. Babban gida kuwa shi ne Kawu Babba, yayansu duka, tsohon direban tirela, mutum mai jiki da sanyin magana, wanda bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Amma shi Kaka ya ba amanar, kuma ya riƙe ta da gaske. A shekara talatin Kawu Tsaye bai taɓa kai biyu ba.

Shekara biyu ke nan da ya faɗi a babur. Yana dawowa daga daji, bindiga a baya, akuya ta gitta masa a kwana. Cinyar dama ta karye, ɗan ƙarfen saitin da ke bakin bindigar ya fita fit, ba a ma gan shi ba. Wata biyar yana kwance. Inna ta ce a wata biyar ɗin nan ta yi furfurar da ba ta yi ba a shekara ashirin da bakwai na aure. Ya ƙirga katakan rufin ɗakin har ya gano ɗaya ya ɗan karkace, kuma shi ya kafa shi, ya wuni yana faɗa da kansa. Ya sa aka kawo masa guntun katako da wuƙa ya sassaƙa cokula goma sha ɗaya. Ya ce a juya gadon ya kalli taga, da aka juya ya ce a mayar.

Ranar da ya ajiye sanda ya sanar da gida cewa ƙafa ta koma yadda take. Gaskiya ba ya ɗingishi sosai. Abin da ya daina shi ne wurga ƙafar nan gaba kamar mai tsallake kwata. Amma in baƙo ya ce, "Sannu, ya ƙafa?" sai ya ce, "Wace ƙafar?" yana kallon mutum ido cikin ido. Da haka gidan ya koyi kallonsa daga ƙugu zuwa sama.

Ya kai bindigar wajen mai walda aka ɗora mata sabon ƙarfen saiti, ya bar shi da tsayi don ya rage da kansa. Filin da suke gwaji da Kaka tuni gidaje sun cinye shi, sai ya samo wani tsohon ramin haƙar yashi a bayan gari, mai doguwar ganga ta ƙasa kamar bango da za ta tare dalma. Ya harhaɗa allon katako mai ƙafa biyu, ya zana da'ira da gawayi, ya cika buhu da garin katako don ɗora bindigar. Ya taka hamsin daga allon ya kwanta. Harbi uku, ya je ya duba, ya goga ƙarfen da magagari, ya wanke cikin bindigar da jiƙaƙƙen tsumma, ya sake uku. Kwana huɗu ya yi a haka. A rana ta huɗu dalma uku suka shiga da'irar, tafin hannu ya rufe su. Ya gwada talatin, ya gwada saba'in, duka suka amsa. Ya dawo gida yana warin farar wuta, fuska baƙa, yana dariya.

Fitarsa ta farko ya ga gada a hamsin. Ya harba, hayaƙi ya yaye, ya hango ta tana gudu da ƙafa uku, ta shige sarƙaƙiya. Bayan mako biyu ya ga mazo, babban ɗan'uwan gada, a saba'in, tsaye a fili, ya ba shi gefe. Ya ɗaga taƙi guda ya harba. Ya sami jini da gashi. Ya bi har la'asar, ya dawo ya ce jinin ya ɓace masa a gindin wasu duwatsu.

Washegari Kawu Babba ya zo. Ya zauna a kan gadon wani da ba a gama ba, ya jingina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kawu Tsaye yana goge katakon da ya riga ya yi santsi.

"Na ji an ce ka fara raba wa daji guragu," in ji Kawu Babba.

"Wa ya ce, Yaya?"

"Ba wanda ya ce. Na dai ga kwana biyu ba a aiko mana da nama ba, kuma ga wandonka can a igiya, duk ƙaya."

"Iska ce ta ɗauke dalmar."

"Iskar ta san ƙafa kawai? Ba ta san kafaɗa ba?"

Kawu ya ajiye katakon, ya ɗauki guduma, ya ajiye, ya je bakin titi ya dawo.

"Nawa ke nan, Tsaye?"

"Ka fi ni sani, tunda ƙirga ka zo yi."

"Ina so in ji daga bakinka."

"Biyu."

"To. Ni ban zo ɗaukar komai ba. Na buga ƙusa dai a ɗakina, sama da taga, inda ruwa ba ya taɓawa. Ban so in yi amfani da ita." Ya mayar da hularsa, ya tashi da ƙyar. "Wannan gadon zai yi daɗi in Allah ya sa mai shi ya rayu ya gan shi."

Makonnin da suka biyo baya ba wanda ya huta a gidan. Kawu ya fara da albarushi, ya ce ya sha sanyi. Ya shanya shi a faranti a kan rufi, ya hana kowa hura wuta har azahar, muka ci abincin rana da la'asar. Ya koma kan dalma, ya ce akwai iska a cikinta, ya narkar da duka ya sake zubawa, yana auna kowace a tafin hannu, yana jefar da wadda bai yarda da ita ba. Ya zargi ɗan ƙahon Kaka, ya ce ya cinye, sannan ya ji kunya ya goge shi da mai. Ya canja tsumma. Ya ɗaga bakin bindigar ga rana ya leƙa ciki har idonsa ya yi ruwa. Daga nan tsoro ya kama shi, ya tafi asibitin ido ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya dawo a fusace, wai likita ya ce idonsa ya fi na likitan.

"To ba sai ka gode wa Allah ba, Malam?" in ji Inna.

"Da ido ne ai da na huta. In sa gilashi, a wuce wurin."

Kowace safiya kafin rana ta yi zafi yana ramin yashi. Kowace rana allon yana ba shi gaskiya, talatin daidai, hamsin daidai, saba'in daidai. Wannan ne ya fi cin ransa. Da bindigar ta yi kuskure a gabansa sau ɗaya, da ya san abin da zai gyara. Na sha ganinsa da magagari a hannu, ya ɗora a kan ƙarfen saitin, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. In ya rage tsayin ƙarfen dalma za ta hau, amma abin da aka goge ba ya dawowa, kuma a kan wace hujja zai goga, tunda allo bai yi ƙorafi ba? Masu ƙofofi suka yi ta zuwa suna komawa. Wata mata ta zo neman tagarta sau huɗu, a na biyar ta zo da tabarma. Daji kuwa ya ƙi shiga. Sau biyu ya shirya, ya ɗura, ya kai bakin titi, ya dawo.

Ran nan ya ce Inna ta bi shi ramin, yana son shaida.

"Ni me na sani a bindiga?"

"Ba sani nake nema ba, ido nake nema. In Yaya ya tambaya, ki ce kin ga inda dalma ke shiga."

Ta yafa mayafi ta hau bayan babur. Abin da ya faru a can ita ta ba ni labari. Ya kafa allon, ya juya masa baya, ya fara takawa yana ƙirga a bayyane. Ita kuma ta bi shi a baya riƙe da buhun, don ba ta san inda za ta tsaya ba. Sau biyu ta take masa dunduniyar takalmi.

"Ke, ina za ki da sauri haka?"

"Yi haƙuri, Malam."

Ya kai hamsin ya ja layi da ƙafa. Ya kwanta, ya harba uku, duka a da'ira. Ya ce, "Kin gani?" Ta ce ta gani. Amma hankalinta ba a kan allon yake ba. Ta ce tun da aka kawo ta gidansa take bin mutumin nan a baya, zuwa kasuwa, zuwa tasha, zuwa gaisuwa, kuma kullum da ɗan gudu-gudu. In ya yi taku biyu sai ta yi uku. Ta saba har takan ƙirga a ranta don rage haushi. Ba ta taɓa kamo shi ba, balle ta take masa takalmi.

Yana can yana wanke cikin bindigar, sai ta koma gindin allon ta taho a hankali, tafiyarta ta kullum, har zuwa layin.

"Me kike nema? Kin yar da wani abu?"

"A'a. Malam, hamsin ka ce nan?"

"Ba a gabanki na taka ba?"

"Hamsin ɗinka ai saba'in da biyar ɗina ne. Yanzu na sami hamsin da shida."

"Sai ki ce ƙafarki ta ƙara tsawo."

"A shekaruna? Sai dai in a faɗi ta ƙaru."

Ta ce bai yi dariya ba. Ya tsaya da tsumman a hannu, ruwan baƙi yana ɗiga a kan takalminsa.

"Me kike son faɗa?"

"Ba ni da abin faɗa a kan bindiga. Na dai ce da can ba na kamo ka."

"Ƙafata lafiyarta ƙalau."

"Ban ce ba lafiya ba. Na ce ba ta kai inda take kaiwa."

Ya tattara kaya suka hau babur. A hanya ya yi gudun da har ta riƙe masa riga da hannu biyu.

Daga nan ni na gani. Na fito zubar da shara na tarar da shi a rumfar shago, shi kaɗai, ya tsaya a jikin turken farko. Rumfar nan shi ya kafa ta shekara ashirin da suka wuce, kuma kowa a gidan ya sha jin yana alfahari cewa bai sa tef ba, da ƙafa ya raba turakun, taku uku-uku, kuma ba wanda ya fi wani ko da yatsa. Ya taka daga na farko zuwa na biyu. Huɗu. Ya taka zuwa na uku. Huɗu. Ya dawo ya sake, wannan karon ya buɗe ƙafar da ƙarfi kamar da, na ga fuskarsa ta yamutse, ya dafa benci. Ya kai ƙarshen rumfar ya dawo, ya kai ya dawo, ban san sau nawa ba. Tef ɗin awo yana rataye a ƙugunsa duk tsawon lokacin, kamar yadda yake rataye kowace safiya da ya je ramin yashi. Mutumin da ba ya yanka katako sai ya auna sau biyu bai taɓa tunanin ya auna wa bindiga fili da shi ba, don Kaka bai yi ba.

Da ya gan ni sai ya ce, "Ke, Innarki ta aiko ki kallo ne?" Na wuce da sharata.

Abin da ya faru a fili yake. Idonsa yana nan da tsohon taku, shi ya haddace shekara talatin. Ƙafar kuwa ta zo da sabo. Hamsin ɗin da ya saita bindigar a kai bai kai arba'in na da ba, saba'in ɗinsa kuma hamsin ne da 'yan kai. A daji ido ya gaya masa gaskiya, bindiga ta yi abin da aka koya mata, dalma ta gaji kafin ta isa, ta sauka a ƙafa.

Da yamma ya kwance igiyar shanyar Inna, ya haɗa da ta rijiya da wata da ya aro. Ya auna tsakanin turke da turke da tef, ya raba uku, ya fitar da tsohon takunsa a rubuce a jikin bango da fensir. Ya ɗaura ƙulli a talatin, a hamsin, a saba'in. Inna ta fito da jiƙaƙƙun kaya a bokiti ta tsaya tana kallonsa.

"A kaina zan shanya?"

"Shanya a kan gadon can, mai shi ba ya sauri."

Bai ce mata ta yi gaskiya ba. Amma da safe shi ya ce ta zo ta riƙe masa bakin igiyar. Da suka miƙe ta, ƙullin saba'in ya wuce tsohon layinsa da nisa, har sai da suka matsar da allon can jikin ganga. Ya kwanta a saba'in na gaske, ya ɗaga taƙi guda kamar yadda ya yi wa mazon, ya harba. Allon ya yi tsalle ya kife. Da suka je, ba ko ƙwarzane a da'irar. Dalmar ta sauka taƙi biyu ƙasa, ta karya ƙafar katakon da allon ke tsaye a kai. Inna ta ce ya daɗe yana juya karyayyen katakon a hannunsa.

Sai da ya yi kwana shida yana gyara. Guga ɗaya da magagari, harbi uku, ya taka ya duba, ya dawo. Ga mutum irinsa wannan azaba ce, kuma yanzu tafiyar ta ƙaru. Yakan dawo yana jan ƙafar a fili, ba ya ɓoyewa, ko kuma ya gaji da ɓoyewa. A rana ta shida maganar Kaka ta dawo wurinta, hamsin a kan saiti, talatin yatsa biyu ƙasa, saba'in taƙi guda sama. Ya aika aka gaya wa Kawu Babba cewa jibi zai shiga daji.

Ya fita da sassafe. Tun azahar Kawu Babba ya zo ya zauna a rumfa, ya ce iska ya zo sha. Inna ta share tsakar gida sau uku. Ni ma na kasa karatu, ina jin ƙarar kowane babur tun daga kwana. Gab da la'asar ya iso. Bayan babur ɗin ba komai. Ya sauka, ya kwance bindigar, ya jingina ta a turke. Kawu Babba ya dubi bindigar, ya dubi wandon ƙaninsa, sannan ya miƙa hannu ya shafa bakinta ya sunsuna yatsansa.

"Ba ka harba ba."

"Ɗurina na nan."

"Ba ka ga komai ba ke nan."

"Na gani. Mazo, namiji, ƙaho kamar hannuna. A saba'in cif. Ya tsaya ya ba ni gefe har da juyo da kai, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto."

"To?"

Kawu Tsaye ya je ya sha ruwa a randa, ya dawo, ya gyara wani katako da ke daidai.

"Na ɗora saiti, Yaya. Bindigar nan yau ko allura ka kafa a saba'in za ta same ta. Na ja kunama baya. Sai na hango bayansa, tudu ne, duwatsu har sama. Na ce to, in ya motsa lokacin da na taɓa fa? In bai faɗi nan take ba, can zai hau."

"Sai ka bi jini. Ba aikinku ke nan ba?"

"Wancan karon ma jinin bai ɓace ba." Ya faɗi haka yana kallon titi. "Ina ganinsa a kan dutse, ja wur, yana hawa. Ni ne na kasa hawa. Na gwada sau uku."

Inna tana bakin ƙofar gida da tsintsiya. Ta daina sharar. Kawu Babba ya cire hularsa ya duba cikinta.

"Sai ka yi yaya?"

"Na mayar da kunama. Na ce bari in matsa talatin, inda in na harba ba ya tashi. Ban yi taku goma ba ƙafar nan ta ja busasshen ganye. Ya yi haushi ɗaya ya tafi."

"Yanzu me kake so in yi? In ɗauka ko in bari?"

"Uku Baba ya ce. Biyu ne."

"Na san biyu ne. Tambayarka nake."

"Na bar saba'in. Hamsin ma sai a fili, inda ba tudu. Talatin zan riƙa yi."

"Talatin? Da wannan ƙafar mai share daji? Sai dai in ka sami kurmar gada."

"Akwai su. Tsofaffi, masu jiki, masu son zama wuri ɗaya. Kowane dangi akwai."

Kawu Babba ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya tashi, ya ce wa Inna ta rage gishiri a abincin mijinta, bakinsa ya yi yawa. Ya tafi hannu biyu a aljihu.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Matsawa talatin kusa da dabba ba wasa ba ne ko ga mai ƙafa biyu lafiyayyu. Kawu ya koma koyon tafiya kamar yaro. Ya baza garin katako da busasshen ganye a tsakar gida, yana bi a kai ba takalmi, ya ce Inna ta juya baya ta gaya masa in ta ji shi. Kullum tana ji. Ya ɗinka wa ƙafar wani takalmi na tsohuwar roba mai laushi. Ya koyi bin iska, da zagaye mai nisa, da laɓewa kusa da ruwa ya jira, abin da a da yake cewa aikin malalata ne. Sau shida ya fita, sau shida ya dawo da ɗurinsa, ya biya ta ramin yashi ya sauke shi a jikin ganga don kada ya shiga gari da shi. Duk ranar da ya dawo haka ba a yi masa magana sai ya zagaya gidan ya gaji.

A fita ta bakwai ya dawo tun hantsi da gada ɗaure a bayan babur. Ƙarama ce, ba ta fi ɗan akuya ba. Ya sauke ta a tsakar gida ya tsaya a kanta yana huci.

"Taku ashirin da huɗu," ya ce. "Tsohon taku."

Inna ta zagaya ta, ta ɗaga kunnenta da yatsa.

"Malam, wannan ai da ka miƙa hannu ma ka kamo ta, ka huta da ɓarnar albarushi."

"Kawo wuƙa, ke dai."

Ya feɗe da kansa. Ya ware cinya ɗaya da kafaɗar da dalma ta shiga, bai wanke ba, bai yanke wurin ba, ya naɗe a takarda ya hau babur ya kai gidan yayansa. Kawu Babba ya gaya mini daga baya cewa ya buɗe takardar, ya sa yatsa a ramin, ya ce, "Nan ne kafaɗa, ashe ka san ta." Ya ce ya ɗago zai ce a kawo wa baƙo ruwa, sai ya ji babur ya riga ya tashi. Wai ya bar fatar a rana ba gishiri, kuma matar nan mai taga tana jira.